Bencin da Bai Je Makarantar Allo Ba

A shekarar da gero ya gagari talaka na fara ganin wata Hajiya a tashar Zakirai. Doguwa ce, mayafinta ya koɗe, tana ɗaure tabarmi a saman mota. Wata ƙungiyar ilimi ta ƙasashen waje ce ta aiko ta, ta kai wa kowace makaranta benci.

"Hajiya, ina bencin Malam Tasi'u mai makarantar allo?" in ji direba.

"Wa ke karatun allo a benci? Na musanya masa da tabarmi da kwanon rufi."

"Za su kore ki fa!"

Ta ƙara jan igiya kawai. Ni da na yi karatu a bencin makarantar mishan, na zaci wauta ce. Ashe a zauren Malam Tasi'un ta koyi babbaƙu tana yarinya, yoyon rufi yana wanke mata allo.