Hujin da Ya Kauce

A jirgin ƙasa na metro mai zuwa unguwar Karama, can ƙasar waje, Hadi ya lura da wani dattijo. Yana zaune cikin kayan gadi da suka koɗe a kafaɗa, gemu fari tas, manuninsa da kanta irin ta wanda ya daɗe yana jan kunamar bindiga. A wayarsa wani Bature ne ke ɗura albarushi a kwanso, yana ɗora kan harsashi mai araha, sannan ya harbi takarda don ya ga ko za su faɗa wuri guda.

Hadi ya faki ido ya ɗauki hoton dattijon, ya tura wa rukunin 'yan Najeriya na WhatsApp: "Ku yi hattara da wannan."

Dattijon ya tsayar da bidiyon. Hujojin takardar duk sun taru a tsakiya, ɗaya ya kauce can gefe. Ya ɗora yatsa a kansa, ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya ɗago ya ga hular Hadi, ya gane ɗan gida ne, sai ya ce, "Ɗana, na araha ke nan. Ga Bature huji ne a takarda. A daji kuwa, nan abokin farautarka yake tsaye."

Ya share ido da bayan hannu, ya sauka a tasha ta gaba.

Hadi ya ciro waya zai goge hoton. Jama'a sun riga sun gani, wani ma har ya rubuta sunan kamfanin da dattijon ke gadi.