A Tambaye Ta Bayan La'asar

Shekarar da na dawo hutu daga makarantar Midil, na tarar kan kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, ya fara rikicewa. Tana da gona a hanyar Beri, cike da itatuwan ɗorawa. Da kalwarsu take yin daddawa, da daddawar take ci. Kawuna, babban ɗanta, yana son gonar don auduga, tunda Turawa sun buɗe wurin awo. Auduga kuwa ba ta son inuwa. Kafin in iso har ya sa wuta a gindin itace biyu.

Mahaifiyata ta kai ƙara gaban alƙali. Kawu ya ce kyauta tsohuwa ta ba shi, yana da shaidu. Ran nan ya same ni a zaure ina karatu, ya karɓe littafin, ya yagi shafi ya ƙunshe garin tabarsa.

"Ɗan boko, an ce Turanci ake koya muku. Ni ko Hausar ban taɓa ji a bakinka ba."

Mutanen zaure suka yi dariya. Na riƙe abin a raina.

Ni nake wuni da kaka, don haka na san abin da bai sani ba. Da safe garau take, tana gane kowa, sai dai duk abin da ɗanta ya faɗa ta ce to. Da la'asar ta yi, ko ni ba ta sani. Kawu bai taɓa zama da ita ya wuce hantsi ba. Kwana tara ina lura, ba ta saɓa ko sau ɗaya ba.

Ranar shari'a Kawu ya kawo ta da sassafe, cikin sabon zane. Ta gaida alƙali yadda ya kamata. Da aka tambaye ta gona, ta ce, "Ɗana ne, abin da ya ce shi ne." Na ga alƙali ya gyara zama zai yanke. Na miƙe tsaye.

"Allah ya gafarta Malam, a sake tambayarta bayan la'asar."

Kawu ya ce, "Ashe yana magana. A kai magariba ma in ana so."

Aka dawo bayan salla. Alƙali ya nuna Kawu.

"Iya, wane ne wannan?"

Ta daɗe tana dubansa. "Ban san shi ba. Ku ce ya matsa, yana tare mini hanya. Innata na jirana a rijiya."

Sai ta fara kuka, tana neman tulunta a ƙarƙashin tabarma.

Nan take alƙali ya naɗa limamin unguwarmu da wani dattijo maƙwabcin gonar su zama wakilanta, har a gama bincike. Ya ce wanda ya taɓa ko reshe, ɗan doka zai kwaso shi. Kawu kuma kada ƙafarsa ta sake taka gonar.

A hanya mahaifiyata ta ce, "Ka sa an kalli uwata kamar mahaukaciya." Gaskiya ta faɗa. Amma ni hankalina yana kan Kawu, yana tafe gabanmu shi kaɗai, shaidunsa sun bi wata hanya. Na rage sauri don in daɗe ina kallon ƙeyarsa.

Da ɗorawa ta nuna, wakilan suka sa aka kaɗe ta. Ni na roƙa a bar mini dakon buhun farko. Akwai gajeriyar hanya zuwa gidan kaka, amma ta ƙofar gidan Kawu na bi, na sauke a nan na huta.