Motar Kaka Mai Farar Ƙofa

Kowa cewa yake na yi wayo. Har yau in na shiga kasuwar Kafanchan akwai masu nuna ni da baki, wai ga yarinyar da ta sayar da mushen mota kamar mai rai. Makanikin garinmu har roƙona ya yi in ba shi laƙanin. To bari in gaya muku tun yanzu, don ni ba na son jan magana: ban yi wayo ba. Ni aka yi wa wayo, kuma da hannuna na miƙa abin da aka zo nema. Masu cewa kewar Kaka ce ta sa nake ramewa, su ma ba su gane ba. Kewar Kaka daban take. Wannan tsoro ne.

Motar a-kori-kura ce irin ta da, mai giya a jikin sitiyari, kuma ta girmi Mama. Shuɗiya ce, ko in ce ta taɓa zama shuɗiya. Ƙofar direba ce kawai fara, tun wata damina da reshen ɗorawa ya faɗo mata aka sa ta wata mota. Kaka, mahaifin Mama, bai taɓa yarda a yi wa ƙofar nan fenti ba. A bayan motar an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa." Tun ina ƙarama na tsani rubutun nan, don Kaka da gaske yake yi. Mai keke yakan wuce mu, har ya waiwayo ya gaishe shi.

A bayanta aka haife ni. Mama ta fara naƙuda, Kaka ya ɗauko ta zuwa asibitin Kafanchan da irin tafiyarsa, ni kuwa ban jira ba. Duk lokacin da na yi gaggawar wani abu sai ya ce, "Ke dai tun ranar farko kika raina tuƙina."

In na rufe ido, warinta nake fara ji: busasshiyar citta da fetur. Bayan an haƙe citta, matan gidanmu sukan zauna kan dutse suna tsaga ta da ƙananan wuƙaƙe, a shanya har dutsen ya yi fari. Hannu ya yi ta zafi, in ka manta ka sosa ido ka gane kurenka. In ta bushe a ɗura a buhu, Kaka ya bi gida gida yana lodi zuwa Kwoi, ni ina can saman buhuna ina atishawa. Da damina kuwa turi ne aikinmu. Taya ta nutse a jar laka, Kaka yana ciki hankali kwance yana rera waƙar coci, mu muna baya laka tana wanke mu.

Sai hon. Wannan ku riƙe shi, don shi ne maganar. Duk garin da Kaka zai shiga, duk rugar da zai wuce, sai ya danna gajere biyu, dogo ɗaya. Bai taɓa canzawa ba. Yara su fito da gudu, mai marar lafiya ya fito da shi bakin hanya. Kaka yakan karɓi kuɗin citta da na masara, amma bai taɓa karɓar na marar lafiya ko na gawa ba, ko na waye. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, gawar da za a dawo da ita gida daga asibiti, duk sun kwanta a bayan motar nan. Daga wajen Kwoi har ƙauyukan Gwantu, da wuya ka sami gidan da bai taɓa sauke wani nasa daga cikinta ba, da rai ko babu rai.

Ina da shekara goma sha biyu aka yi wata shekara marar kyau. Ba sai na faɗi wacce ba, mun yi irinsu da yawa. Kasuwa ta daina ci. Kowane gari samari sun gindaya gungume a bakin hanya, ba mai wucewa sai an sauke shi an bincika. Masu kawo mana nono daga ruga suka ɗauke ƙafa, mu ma muka daina bin ta wajensu.

Wata safiya sai ga Inna, tsohuwar da take kawo wa Mama nono tun kafin a haife ni, ta biyo ta cikin gonaki, ƙafarta duk ƙaya. Maciji ya sari ɗanta. Kaka ya ɗauki makulli. Na haye gaba. Mama ta yi ta ihu in sauko, na ƙi, kuma babu lokacin dukana.

Muka ɗauko shi, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Shinge huɗu ne tsakaninmu da Kafanchan, biyu na mutanenmu, biyu na wasu. Na ga adduna, na ga bindigogin gida, na ga idon da ya kwana biyu bai rufu ba. A kowane ɗaya Kaka ya danna gajere biyu, dogo ɗaya, kafin mu iso an mirgine gungumen. Ba wanda ya leƙa baya. Wani ma har ya sauke addarsa ya ɗaga hannu.

Ni daɗi ya kama ni. Na ce, "Kaka, tsoronka suke ji!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Da tsorona suke ji da sun leƙa."

Muka yi tafiya mai nisa, ɗan Inna yana ta nishi a baya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da na mutu, a cire wa motar nan tayoyi. A bar ta ta ruɓe a gindin mangwaro."

Ya maimaita wannan magana sau da yawa bayan haka, a gaban Mama, a gaban Fasto. Na ɗauka son abinsa ne irin na tsofaffi, kamar wanda ba ya so a sa rigarsa bayan ransa.

Da na gama sakandare idonsa ya fara rauni, sai ya koya mini tuƙi. Shekara biyu ni ce a sitiyari, shi yana gefe yana cewa in rage wuta. Mutane suka saba ganina a bayan farar ƙofar nan. Da ya rasu, a bayan motar muka kai shi makwancinsa, ni na tuƙa, kuma ranar kaɗai na yi tafiyar da za ta gamshe shi. Bayan nan injin ya buga. Motar ta zauna gindin mangwaro damina guda, kaji suna yin ƙwai a kujerar direba. Mama ta ce in kira makaniki ya cire tayoyin. Kullum sai in ce gobe.

Sai mutumin nan ya zo. Tsaf da shi, murya a ƙasa, Hausarsa ba ta nuna inda ya fito ba. Ya durƙusa ya gaishe da Mama da yarenmu, kalma biyu, irin wadda ake koya a hanya. Ya ce shi mai son tsofaffin motoci ne, yana tara su a gidansa a birni, ba ya ko fita da su. Ni kuwa a lokacin ba abin da nake so kamar in buɗe shago a Kafanchan in bar tsagar citta. Na faɗi kuɗin da na san mahaukaci ne kawai zai biya. Bai taya ba.

Yanzu da nake tunawa, komai a fili yake. Bai buɗe injin ya duba ba. Ƙofar ya shafa. Na ce bari in sa a wanke ta a kankare rubutun nan na baya, ya ce kada in taɓa komai, a haka yake son ta. Ya sa aka haɗa batirin da ya zo da shi, ya ce yana so ya ji hon.

"An ce tsohon yana da yadda yake danna shi."

Na leƙa ta taga na danna masa, ina jin kaina. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya sa hannu ya gwada.

"Haka?"

Na ce, "A'a, Malam. Na ƙarshen ka ja shi sosai."

Ni na gyara masa. Wannan ne yake hana ni cin abinci. Ni na tsaya na gyara masa har ya iya.

Mama tana bakin ɗakin girki, ba ta matso ba. Ta ce, "Ke, Kakanki cewa ya yi a cire tayoyi."

Na ce, "Kaka ya tafi, Mama. Mu ne muke nan."

Ta juya ta shige ɗakin girki. Aka ja motar da igiya aka fita da ita, kaji suna bin ta a baya.

Wata uku ba labari. Na kama shago, na zuba kaya. Wata ranar Asabar na zo gida taya Mama shanya, da rana tsaka, sai na ji hon ɗin motar can kan babbar hanya. Gajere biyu, dogo ɗaya. Wuƙar hannun Mama ta tsaya. Amma ƙarar injin ba tata ba ce. Sabon inji ne, kuma gudu take yi irin wanda ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta. Na ce wa Mama kunnenmu ne. Ta dube ni, ta ajiye wuƙar.

Bayan mako biyu wani dattijon coci ya zo daga wani ƙauye bayan Kwoi. Ya sha ruwa, ya yi gaisuwar rasuwar Kaka, ya yi ta kewaye-kewaye har na gaji na ce, "Baba, me ya kawo ka?" Sai ya tambaya, cikin ladabi, wane ne a gidanmu ya je ya kwashe cittar zumuntar matan cocinsu ranar Lahadi. Ana cikin sujada motar ta shigo. Samarin shinge, don har yau ba a daina gindaya gungume ba, sun ji hon, sun buɗe. Wani tsoho da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa coci ya ga farar ƙofa, ya ce jikokin Kaka ne, shi da kansa ya nuna musu inda ake ajiye makullin sito. Noman shekara guda na mata, gwauraye a ciki.

Na kira lambar mutumin, a kashe. Sunan da ya rubuta a takardar ciniki ba wanda ya san shi. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, an rubuta. Da na dawo na ce wa kaina, citta ce, citta ana sake nomawa. Ban gargaɗi kowa ba. Kunya ce ta rufe mini baki, don in na buɗe shi sai na faɗi abin da na koya masa.

Shekaranjiya Inna ta zo. Ba ƙwarya a kanta. Ta tsufa sosai, da sanda take tafiya. Mama ta kawo kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa gindin mangwaro, daidai inda tayoyin suka bar rami. Ta ce ɗanta, wanda maciji ya sara, ya fito bakin hanya da raguna biyu zai kai kasuwar Gwantu. Matarsa tana kallo daga nesa. Motar ta tsaya ta yi hon, ya loda ragunan ya hau. Yau kwana biyar.

Ba faɗa ta zo yi ba. Da faɗa ta yi da na fi samun sauƙi. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, na ce ko ciwo ya kama shi a hanya, kuka wuce da shi asibiti. Wane asibiti ne? Ni zan je."

Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai. Ta dubi ramin tayar nan. Sannan ta ce samarin rugarsu sun fara magana, suna cewa motar gidanmu ce, kowa ya san ƙofar. Ita ce take ta danne su. Ta ce ba ta san kwana nawa za ta iya ba.

Yanzu babura sun cika hanya, kowa ya rufe fuska ya wuce, ba wanda ya san na wa ne. Ba wanda zai mirgine gungume don ya ji ƙarar babur. Abu ɗaya ne ya rage a ƙasar nan da kowane ɓangare yake buɗe wa hanya ba tare da ya leƙa ba, kuma yana hannun mutumin da ban san sunansa ba. Ba ƙarfe ya saya ba. Kaka ya san haka tun ranar shinge huɗun nan, ni kuma ina gefensa ina murna.

Jiya na rufe shago. Na zauna na rubuta duk garin da Kaka yake yi wa hon, duk ruga, duk mararraba, yadda na haddace su daga saman buhun citta. Sun cika takarda biyu. Wani kawuna ya ba ni aron babur ɗinsa. Inna za ta hau bayana, don a ruga bakinta za a ji, a coci kuma nawa. Duk inda muka tsaya abu ɗaya zan faɗa, da ƙarfi, a gaban kowa: Kaka ya mutu, ni jikarsa na sayar da motar, ni na koya wa mai ita hon. In kun ji gajere biyu, dogo ɗaya, kada ku taɓa gungumen. Kada ku hau. Ku kira juna. Wanda zai zage ni ya zage ni, amma ya gaya mini inda ya gan ta, da wajen da ta nufa.

Mama ta tambaye ni ko na san abin da zan yi ke nan. Na sani. Abin da Kaka ya ƙare rayuwarsa yana ginawa a hankali, ni zan bi in rushe shi cikin mako guda. Ya ce a cire mata tayoyi, ban cire ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne in cire sunansa daga jikinta.

Gobe da safe za mu fara, daga rugar su Inna. Wannan karon Kaka ya yi haƙuri, ba zan yi sannu ba.