Sawun Kaza a Hannun Indo

Baraka matar Sadi mahauci ce, katangarmu ɗaya da su a Talata Mafara. Daga Birnin Tudu aka kawo ta. Mace ce marar yawan magana, irin wadda in an taka mata ƙafa ita ce za ta ce sannu. Na daɗe ina zaton ba ta da riƙo.

A wurin kakarta ta koyi ƙunshi, jan lalle irin na da, wanda ake dakawa a kwaɓa a naɗe ƙafa da tsumma. Baƙin lalle na zane, wanda ake matsowa ta bakin leda, a garin nan ta fara ganinsa. Ta yi sha'awa, ta riƙa gwadawa a hannun 'yan matan maƙwabta. Da aka sa bikin Taiba, ƙanwar mijinta, sai uwar miji ta ce ba za a kira bare ba ga ta gida.

Ranar ƙunshin ana zafin bazara. Baraka ta kwaɓa lallen ruwa-ruwa, ta kuma yanke bakin ledar da faɗi. Amarya tana ta gumi. Furannin da ta zana suka narke, kowanne ya koma layi uku a warwatse.

A lokacin Indo ce mai ƙunshin da ake ji da ita daga Mafara har Bakura, kuma tana wurin, cikin dangin ango. Ta taso ta kama hannun amarya, ta ɗaga shi sama tana juyawa a gaban mata.

"Jama'a, wa ya bar ƙofa buɗe kaji sunka shigo?" in ji ta. "Ku duba mini, sawun kaza ne ko idona ne? Baraka, ƙanwata, hatsi kinka zuba mata a hannu?"

Aka kwashe da dariya, har da masu guɗa. Baƙin lalle kuwa in ya kama ya kama, sabulu ba ya fid da shi. Taiba ta yi bikinta hannu cikin mayafi, tana kuka. Kafin a watse, sunan "Baraka mai kaza" ya isa mahauta, abokan Sadi suna tambayarsa ko ya bar sayar da naman shanu ya koma kaji ne.

Baraka ta tattara ledojinta ta koma gida.

Ƙanwarta Salma ce ta zo rarrashi, ta nuna mata wani abu a waya: mutane ne da suke ɗaukar wa kansu alkawarin zane ɗaya kullum, ya yi kyau ko bai yi ba, babu tsallake rana. Ina zaune a wurin ina tsince wake.

"Ko ranar da mutum ba shi da lahiya?" Baraka ta tambaya.

"Har ranar, Yaya."

Washegari ta niƙa gawayi ta kwaɓa da ragowar koko, ta ɗura a leda, ta kifa wani tsohon farin faranti. Na ɗauka furanni za ta koya. Sai na ga ta watsa ruwan wanke-wanke a tsakar gida, ta zuba dawa, ta kira kaji. Da suka gama ci ta tsuguna a kan taɓon tana kallo. Yatsu uku gaba, ƙarami ɗaya baya. Shi ta zana. Da yamma ta wanke farantin.

Na ce mata, "Baraka, ki bar abin nan ya wuce mana."

"Ya wuce, Inna. Kaji kawai nike kallo."

Na farko-farko ba abin nunawa ba ne. Layin ya yi kauri nan, ya tsinke can. Amma kullum da hantsi, in ta gama shara, sai ka ji ƙarar faranti. A hankali sawun ya fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya, ya yi kwana, ya zagaya. Daga baya yatsun suka fid da ganye, ganyen ya fid da reshe siriri kamar zare. Duk yadda zanen ya yaɗu, in ka bi shi zuwa tushe, sawun nan ne.

Ba ta tsallake rana ba. Da muka je ta'aziyyar kawunta a Faru, na neme ta na rasa, sai na same ta bayan rumbu tana zane a ƙasa da tsinke. Da ta haifi Na'ima, tana wankan jego farantin yana gefen gado. Masu neman ƙunshi na sauƙi sukan leƙo, ta ce hannunta bai nuna ba tukuna. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

A hannun Salma ta fara fitar da shi, za ta je suna Jangebe. 'Yan mata suka yanyame ta suna ɗaukar hoto, suna tambayar sunan zanen. Dama Baraka ta ba ta amsa tun daga gida: a ce sawun kaza ne, kuma Indo ce ta raɗa masa suna.

Abin ya bazu har Maradun. Amare suka riƙa zuwa wurin Indo suna cewa shi suke so. Ta gwada, nata ya fito da nauyi, kamar kazar ta yi ƙiba. Tabarmar ƙofar ɗakinta ta fara yin wuni ba wanda ya zauna.

Ana nan aka sa auren Rumaisa, 'yar Indo, za a kai ta Maradun. Ƙannen ango suka aiko cewa sawun kaza suke so a hannun amaryarsu, kuma na Baraka. Indo ta aiko da goro. Baraka ta karɓa hannu biyu, ta ce Allah ya kai mu. Ranar ta ce in raka ta.

Gidan cike yake da mata. Ta durƙusa ta gaida Indo, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi hidima, ba ta rage komai ba. Ta yanke bakin leda, ta kama hannun amarya, sai ta tsaya.

"Yaya Indo, wane zane za a yi?"

"Wanda kike yi mana."

"Suna da yawa. Mi ne ne sunanshi? Ke kin fi ni sani."

Tsakar gidan ya yi tsit. Akwai waɗanda suka halarci bikin Taiba a cikinsu. Na ga suna duban ƙasa.

"Sawun kaza," in ji Indo.

"Ban ji ba, Yaya. Hayaniya ta yi yawa."

Babu mai ko tari a wurin. Indo ta maimaita da ƙarfi.

Ban taɓa ganin aiki irin wanda Baraka ta yi wa Rumaisa ba. Yarinyar ba ta yi mata komai ba, ita ma ba ta rage mata komai ba. Mata suka yi ta guɗa. Cikin murnar ne wata ta ce ai uwar amarya ma sai an yi mata, aka jawo hannun Indo aka ɗora a cinyar Baraka.

Baraka ta ɗauki wata leda dabam. Na lura bakinta da faɗi, lallen kuma ruwa-ruwa. A bayan hannun Indo ta ja layi uku a warwatse, masu kauri, suna narkewa. Ta yi wa ɗaya hannun haka. Ta riƙe yatsunta tana yi mata hirar tsadar kayan miya har ya kama.

"An gama, Yaya. Allah ya sanya alheri."

Indo ta yi bikin 'yarta hannu cikin mayafi. Amma uwar amarya ce, dole ta gaisa, dole ta karɓi kaya, dole ta tsaya hoto.

A hanyar gida na ce, "To, an gama ke nan?"

Ta gyara goyon Na'ima. "Baƙin lalle ba ya daɗewa, Inna. Kwana kaɗan ya goge."

Washegari da hantsi na ji ƙarar faranti ta bayan katanga, sannan na ji tana kiran kaji.