Shinkafar Yaya da Yaren Fanya

Har yau in na ga tsuntsayen jan-baki sun taso kamar hayaƙi a kan fadama, sai takaicin kaina ya kama ni.

Zamanin Turawa ne, na gama elementare a Haɗeja, gemu ya fara fitowa, ba aiki. A unguwarmu akwai wani tsohon kuku da ya yi zama a Fanya, tsibirin da Turawan Sifaniya ke noman koko. Shi ya cusa mini son zuwa can. Ya ce duk wanda ya iya yarensu akawu zai zama, ya ara mini wani littafi da gara ta ci gefensa.

Wannan yare, Allah ya sawwaƙe! Kalmar yin magana kaɗai sai ta sauya wutsiya sau shida: ablo, ablas, abla, haka dai. Da ƙyar na haddace. Sai kuku ya ce, "Wannan na abin da ya tabbata ne. In fata kake yi ko shakka, duk sai ka sake su: able, ables, ablemos."

Na ce, "Baba, su ba sa cewa in Allah ya so, su huta?"

Ya ce, "In ka je ka tambaye su. Sake!"

A daminar nan yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta shuka shinkafa a wajen Auyo. Abincinsu na shekara ke nan. Da shinkafa ta fara nono, ta roƙe ni in yi mata tsaron tsuntsu kwana goma. Aikin kowa ya san shi: ka hau rumfa, ka ja igiya mai gwangwanaye, ka wurga majajjawa, ka yi ihu, ka riƙa zagayawa.

Ni kuwa sai na yi dabarar banza. Na ce ai ihu ihu ne. Na zauna da littafi ina kwarara "able! ables!" iya ƙarfina, hannuna bai taɓa igiya ba. Kwana biyu tsuntsaye suka ji tsoro. A na uku suka saba da ni kamar kukan kwaɗi. Kaina na cikin takarda ina kokawa da kalmomin da suka ƙi zama, tsuntsaye kuma suna bayan rumfa suna tsotse zangarniya.

Ranar da Yaya ta zo a kwalekwale da fura, ta murza zangarniya ɗaya, ta murza ta biyu. Ƙaiƙayi.

Ta ce, "Auta, da wane yare ka yi musu bismilla?"

Na buɗe baki zan kare kaina.

Ta ce, "Riƙe abinka. Shanye ka miƙo min ƙwaryata."

A shekarar, masussukar mutane ta riƙa bi tana yi musu shiƙa don ta ciyar da yara. Ni kuma kunya ta sa na mayar wa kuku littafinsa na kama garma. Fanya ban taɓa zuwa ba. Duk kaka nakan aika mata da shinkafa, ta karɓa, amma har ta rasu bakina bai iya ba ta haƙuri ba. Kalmomin nan kuwa, don takaici, ko ɗaya ban manta ba.