Yadda Na Ɗauko Gola Daga Gonar Inna Hajo

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Juma'a na bar gida, jakar kaya a kafaɗa ɗaya, lasifika a ɗaya. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Hasan Tela, amma a duk Filinge da sunan Radiyo aka san ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da lasifikar ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Kunamar Kurfai. Ban taɓa buga ƙwallo ba, tumbina ma ba zai yarda ba. Amma wa muka ɗauka, wa ya gurɗe, da wa za mu kara, duk daga bakina ake ji.

Bakin nan kuwa shi ya ja mini tafiyar. Golanmu ya tafi cin rani, ga wasa da 'Yan Tasha ranar Lahadi. Ranar kasuwa sai na ga kejin wata mata ya ɓalle, wani dogon saurayi ya cafe zabbi uku a sama, bai ko cire asuwaki daga baki ba. Sunansa Illiya, shi ke tsaron raga a ƙauyensu Tungar Alu, can bayan Bonkuku. Na yi masa tayi, ya ce sai abin da Inna ta ce. Ni kuwa ban jira Inna ba. Kafin magariba na shelanta wa gari cewa Kunama ta yi sabon gola.

Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce, "Radiyo, in Lahadi ta yi babu yaron ga cikin raga, ka aje lasifika ka koma ga kekenka na ɗinki."

Shi ya sa na taho da lasifikar. Ban yarda in bar ta inda hannunsa zai kai ba.

Juma'a: Filinge zuwa Tungar Alu

Motar da aka ce za ta tashi ƙarfe shida ta tashi takwas saura kwata. Mai cin mutum goma sha tara ce, mu ashirin da shida muka shiga, da awaki biyu. Jaka guda da rabi ne kuɗin mota, wato sefa dubu ɗaya da ɗari biyar. Direba ya so lasifika ta biya kujera, na ce to a ba ta kujerar, ni ma ban samu ba. Ya yi tsaki ya bar maganar.

A shingen fita gari jandarma ya karɓi katin kowa, ya zo kaina ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Kayan aiki na, shef."

"Gwada mu ji."

Na kunna, na ba da labarinsa kamar ɗan ƙwallo a fili, yadda ya tako daga inuwa, ya yanke akuya ta hagu, ya tare mota da hannu ɗaya. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Da zai miƙo mini katina ya ce, "Jiya ma wani ya wuce, shi ma gola za shi ɗauko." Daga nan ban ƙara jin daɗin tafiyar ba.

Mun isa Bonkuku ƙarfe tara da rabi. Na karya da ƙosai da shayi, na jira aka sauko daga Juma'a, sannan na samu amalanken jaki mai komawa Tungar Alu. Sa'a biyu da minti goma muka yi cikin rairayi. Duk inda yashi ya yi zurfi mai amalanke sai ya dube ni, ya dubi jakin, ni kuma in sauka.

Ana kiran la'asar muka shiga ƙauye. Aka nuna mini gidan Inna Hajo, mahaifiyar Illiya. Wa zan gani a ƙofar gida, ƙafa duk ƙaiƙayi? Mahamadu Kamasho, mai nemo wa 'Yan Tasha 'yan wasa. Ashe shelar da na yi ce ta ba shi hanya.

Inna Hajo ƙaramar tsohuwa ce, idanunta sun yi fari, sai an matsa kusa take gane mutum. Ta saurari jawabina har ƙarshe, da tarihin Kunama da komai, sannan ta ce:

"Na jiya, ɗana. Amma hatsi na tsaye cikin gona. Illiya ba shi zuwa ko'ina sai an yanke an ɗaure."

"Inna, jibi na wasan."

"Awo. Shi yas sa gara ku kwanta da wuri."

Mun ci tuwon hatsi da miyar kuka. A zaure ɗaya aka shimfiɗa mana tabarma ni da Mahamadu, na yi matashi da lasifika.

Asabar: gona

Ƙarfe shida muna gona. Aka ba kowa 'yar wuƙar yankan zangarniya. Ba wanda ya ce gasa ce, amma ni da Mahamadu mun san wanda ya fi dammai shi zai tafi da gola. Illiya yana gaba yana aikinsa.

Rabona da gona tun ina koyon ɗinki. Kafin hantsi bayana ya riƙe, ƙaiƙayi ya shiga inda ba a faɗa. Wani maƙwabci da ya zo wucewa ya jingina da sandarsa yana kallonmu.

"Bana ku na? Bara wasu masu jan riga sunka yanke mata. Sun yi ƙoƙari, bayin Allah."

"Sun tahi da shi?"

"Ina! Tac ce ya yi ƙanƙane."

Ƙarfe goma sha ɗaya Mahamadu yana da dami tara, ni uku, ɗaya ma ya kwance. Na ja jiki zuwa gindin gawon da Inna take zaune, na zube. Gaskiya raina ya ɓaci. Shekara goma sha ɗaya za su ƙare a gonar mutane, a hannun Mahamadu Kamasho. Na ce tunda gobe za a karɓe lasifikar, bari in yi ban kwana da ita. Na kunna ta.

"Jama'a ga Illiya ya shiga kunya ta bakwai! Ya kama ta wuya, ya yanke, ya wurga baya bai duba ba! Ga Mahamadu na biye, gumi ya rufe mai ido, ya kai hannu, wayyo, kara ya kama! Illiya ya ɗaure, ya ɗaga, ya dire! Dami! Daaami!"

Daga gonar gabas aka yi guɗa. Kafin in ankara mutane sun fara ɓullowa ta cikin karare. Kowa ya zo kallo sai ya tambaya ko za a faɗi sunansa, in ce sai wanda ya riƙe wuƙa. Nan da nan gayyar da ba wanda ya kira ta haɗu, na ƙirga mutum goma sha bakwai. Har maƙwabcin nan mai sanda ya shiga, na sa masa suna Guguwa, ya kusa yanke yatsa don jin daɗi. Ƙarfe huɗu da kwata babu zangarniya ɗaya a tsaye.

Mahamadu ya zo gaban Inna ya baje tafunansa da suka yi bororo. "Inna, goma sha shida nawa. Shi uku."

"Biyu da rabi," in ji Illiya. Maganarsa ta farko ke nan tun safe.

Inna ta ce, "Shekara huɗu ban ga gonag ga ba. Ana ce mini yaron ga ya iya aiki, ana ce mini ya iya tsaron raga, ni dai sai in ce to. Yau na gane shi sarai, har wurgin da yaka yi irin na ubanshi." Ta juyo wajena. "Da kai za shi. Amma da ni za a, kuma kusa gare ka zan zamna."

Mahamadu ya samu ƙwaryar fura da zabo guda. Ya karɓa, don ba shi da ƙarfin yin fushi.

Lahadi: komawa

Mun bar Tungar Alu ƙarfe shida. Inna a kan amalanke da lasifika a cinya, ni da Illiya da Mahamadu a ƙasa. A Bonkuku direba ya ba ta gidan gaba ba gardama. Jandarman nan ya leƙo ya dubi mu huɗu ya ce, "Wanne na golan?" Inna ta ce, "Wanda bai yi kama da wahala ba." Ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka shiga Filinge.

An take wasa ƙarfe huɗu da rabi. Shugaba ya ga Illiya cikin raga, ya ga tsohuwa a kan kujerarsa, ya nemi benci ya zauna. Mu muka fara ci. Ana cikin haka alƙali ya ba 'Yan Tasha bugun daga kai sai gola. Na rage murya, na daina yi wa fili magana, na koma yi wa Inna: ga shi ya tsaya, ya buɗe hannuwa, ya ɗan duƙa, an bugo ta hagu, ya tashi sama, ya riƙe! Ta damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi. Na duba na ga hawaye na bin kuncinta, ni ma na sauke lasifika, karo na farko da fili ya ji ni shiru.

Shirun nan ne ya cuce mu. Saura minti uku a tashi ta laluba ta karɓe lasifikar, ta kafa baki:

"Illiya! Ka sha hurar da nib bar maka?"

Yaro mai ladabi, ya juyo gaba ɗaya ya rusuna zai amsa. Ƙwallo ta wuce ta bayansa a hankali, ta kwanta cikin raga. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Shugaba ya zo, na miƙa masa lasifika da hannu biyu. Ya ce, "Riƙe abarka. Amma ka ɗaure ta ga wuyanka."

Na iso gida bayan magariba, bayana bai miƙe ba sai ran Laraba. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mai amalanke da jakinsa, da mutanen Tungar Alu, da Mahamadu Kamasho wanda ya yanke wa Kunama dami goma sha shida. Babbar godiya ga Inna Hajo. Da na raka ta tasha da safe ta tambaye ni yaushe ne wasa na gaba, na ce sati biyu, da mutanen Abala.

"Madalla," ta ce. "Wake ya isa roro. Ka taho da abin maganar, ka kuma biya ka gayyato Mahamadu."