Mai Shiga Rumbu

A gidanmu na Kademi ni ne mai shiga rumbu, ba don wata baiwa ba, sai don ƙofar ba ta ɗaukar ƙato. A ɗaga ni a zura, in miƙo damin gero, a jawo ni. Ina aji uku na ga gara ta ja hanyoyinta a ƙasan rumbun. Na je faɗa wa Baba, na tarar da shi da ƙannensa suna shawarar ko a sake rumbu ko a bari sai baɗi. Ya ce tun yaushe yara suka fara sa baki a maganar gandu.

Na kai kuka wurin kakata, Iya Dije. Ta bari sai bayan tuwo, da muka kewaye murhu tana gasa mana gyaɗa. Ta ɗaga murya fiye da kullum, don Baba na alwala a gindin randa.

"Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso," in ji ta.

Wai a wani gari an raba aiki: yara ke gani, manya ke magana, kuma an hana haɗa biyun. Wata yarinya ta hango kura ta shiga garken awaki, sai ta durƙusa tana jiran manya su gama zancen tsadar gishiri. Kafin su gama, saura igiyoyi. Suka taru suka yaba tarbiyyarta.

Muka yi dariya. Baba ma ya dara, ya ce, "Iya, kin iya shirya zance." Ya wuce masallaci.

Da bazara aka kai ƙasan rumbu, rabin geron ya zama turɓaya. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da kake shiga kullum, ba ka gani ba?"

Yanzu ina koyarwa a Gaya. Kwamitin makarantarmu yana da kujeru biyu na ɗalibai, haka takarda ta ce. Su zo, su raba ruwan leda, su sa hannu. A zaman da ya wuce, wata 'yar aji shida ta ɗaga hannu kan inda za a gina ban ɗaki. Rana ta yi, shugaba na hamma, ni ma na gaji. Na ji bakina ya ce, "Bari manya su gama." Ta sauke hannun cikin ladabi, irin wanda ake yabawa.

Da ina zaton da Baba kaɗai Iya take. Ashe da duk wanda ya yi girman da ƙofar rumbu ta ƙi shi take.